Yadda Ake Duba Ƙafar Mai Ciwon Suga, da Yadda Ake Gane Gawut da Ciwon Diddige

Galibin ƙafafun da ake yanke wa masu ciwon suga ba da wani babban rauni abin ya fara ba. Bororo ne da sabon takalmi ya tayar, ko faso da ya tsage da hunturu, ko ƙusa da ta huda silifas mai shi bai ji ba. Idan suga ya daɗe yana hawa, abu biyu yake lalatawa a ƙafa: jijiyoyin da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa, da hanyoyin jinin da ke ciyar da nama. Na farko ya hana ka jin ciwon, na biyu ya hana ciwon warkewa, sugan da ke yawo a jini kuma ya raunana garkuwar jiki har ƙwayoyin cuta su sami wurin zama. Saboda haka a bakin mai suga, "ai ba ya yi mini zafi" ba hujja ba ce. Aikin da jijiya ta ajiye, ido da hannu ne za su ɗauka.

Dubawar kullum

Minti biyar ta isa. Ka ɗaura ta da wani abin da ba ka fashinsa, misali bayan alwalar la'asar, lokacin da akwai sauran hasken rana. Abin da ake buƙata: kujera, madubi, da tawul mai tsabta, fari ya fi.

1. Zauna ka cire takalmi da safa, ka fara duba su kafin ƙafar. Ɗigon jini ko danshi a safa sau da yawa shi ne alamar farko.
2. Dubi saman ƙafa da kan yatsu, musamman gaɓoɓin da ke gogar takalmi, da gefen babban yatsa da na ƙarami.
3. Buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Fatar da ta yi fari ta jiƙe tana saɓulewa cin ruwa ne. An fi samunsa tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, inda ya fi matsi.
4. Ajiye madubin a ƙasa ka ɗaga ƙafa a kansa ka ga tafin. Idan ido ya yi rauni, wanda shi ma suga kan jawo, ko ciki ya hana sunkuyawa, a sa mata ko miji ko ɗa ya duba. Babu kunya a nan.
5. Zagaya diddige. Fason da ya yi zurfi har ana hango ja a cikinsa rauni ne, ba kaushi ba.
6. Shafa bayan hannunka a kan ƙafa ɗaya, sannan ɗayar, wuri da wuri. Abin nema shi ne bambanci: inda ya fi ɗan'uwansa ɗumi, ko ƙafar da ta yi sanyi ƙalau ita kaɗai.

A mai da hankali sosai kan kanta. Duk inda fata ta yi kauri, nauyin jiki ne ke taruwa a wurin, galibi ƙarƙashin babban yatsa da tudun da ke bayan yatsu. Kantar tana danna naman da ke ƙarƙashinta a kowane taku har ya fashe daga ciki. Idan ka ga ɗigo baƙi ko ruwan ƙasa a tsakiyar kanta, jini ne ya kwanta, kuma mai yiwuwa miki ya riga ya buɗe a ƙasa. Wannan na asibiti ne cikin kwana ɗaya ko biyu.

A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai. Wurin da ya kamu yakan ƙara duhu ne, ya yi sheƙi, ya ɗau zafi. Shi ya sa hannu ya fi ido amfani a mataki na 6. Mata kuma su sani lalle yana rufe launin tafin ƙafa da farce na makonni, baƙin lalle mai haɗin sinadari kuwa yana iya ƙona fata. Wadda jin ƙafarta ya ragu, gara ta bar lallen a hannu.

Wanki, alwala, mai da farce

A wanke ƙafa kullum da sabulu marar ƙarfi da ruwa mai ɗan ɗumi, wanda bai kai digiri 37 ba. Da gwiwar hannu ake gwada ruwan, ba da ƙafa ba, ba ma da yatsun hannu ba, don su ma jinsu kan ragu. Kada a jiƙa ƙafa cikin baho, da gishiri ne ko da Dettol. Jiƙawa tana sa fata ta yi laushi ta buɗe, bayan ta bushe kuma ta fi da tsagewa.

Mai alwala sau biyar a rana yana da riba, domin yana ganin ƙafarsa sau biyar. Inda matsalar take shi ne a tsettsefe yatsu da ruwa sannan a zura ƙafar a jiƙe cikin takalmi ko safa. Ajiye ɗan ƙyalle na musamman, ka tsane tsakanin yatsu bayan kowace alwala, dannawa ba gogewa ba. Idan cin ruwa ya riga ya kama, man kilotirimazol sau biyu a rana na mako biyu zuwa huɗu yana maganinsa, kuma a ci gaba da shafawa ko ƙaiƙayin ya tsaya.

Jijiyoyin da ke sa gumi ma suna mutuwa, shi ya sa ƙafar mai suga take bushewa ƙayau. A shafa man kaɗanya ko basilin, ko man kemis mai sinadarin yuriya kashi 10 cikin 100, a sama da tafi da diddige, safe da dare a lokacin hunturu. Ban da tsakanin yatsu. Can bushewa ake so.

Farce kuma a yanke shi bayan wanka, a miƙe, daidai da bakin yatsa, sannan a goge kaifin kusurwa da abin gogar farce. Kada a bi gefe a ƙwaƙulo, daga nan ne farce yake komawa cikin nama. Reza da wuƙa da almakashin masu yawon yankan farce ba na ƙafar mai suga ba ne, komai ƙwarewar mai yankan. Haka ma filastar cire kanta da ake sayarwa a kemis: asid ne a jikinta, ba ta bambance kanta da lafiyayyar fata. Farcen da ya yi kauri ya murɗe, da kantar da ta yi tudu, ma'aikacin lafiya ne zai rage su.

Takalmi da wuta

Ba a tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida, ko daga ɗaki zuwa banɗaki da dare. Silifas mai igiya tsakanin yatsu yana goge wurin, kuma ƙaya tana ratsa shi. Wanda ya dace shi ne rufaffe, mai faɗin gaba, mai laushin ciki, mai kaurin ƙasa, wanda ya ɗara yatsa mafi tsawo da santimita 1 zuwa 2.

Ga dabarar saye. Taka takarda a tsaye, a zagaye ƙafar da biro, a yanke siffar, a tura ta cikin takalmin. Idan takardar ta lanƙwashe a gefe, takalmin ya yi kaɗan, ko da ƙafar ta ce ya yi daidai, don ƙafar da ba ta ji ba a karɓar shaidarta. A je kasuwa da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Sabon takalmi a fara sa shi awa ɗaya ko biyu a rana, a cire a duba. Kuma kafin kowace sawa a kife shi a kakkaɓe, a zura hannu a laluba. Tsakuwa, ƙusar da ta ɓullo, har kunama ana samu. Safa ta auduga, mai haske, marar matsattsen baki, a canza kullum.

Ƙuna tana cikin abubuwan da aka fi sakaci da su: jin ɗumi a kaskon gawayi da sanyin asuba, kwalbar ruwan zafi a cikin bargo, salansar babur, simintin harabar masallaci da rana tsaka ran Juma'a. Maniyyata su kiyaye musamman. Takalmi kan ɓace a ƙofar Harami, mutum ya taka kwalta a zafin Makka zuwa masauki, ya isa tafin ƙafarsa ya saɓule bai sani ba. A riƙe takalmi a jakar wuya, a kuma ajiye na biyu.

Gwajin ji

Akwai gwajin da aka ƙirƙiro a asibitin Ipswich da ke Ingila, wanda ba ya buƙatar kayan aiki. Mai ciwon ya kwanta ya rufe ido. Mai gwaji ya ɗora kan ɗan yatsansa a hankali, na daƙiƙa 1 zuwa 2, a kan bakin babban yatsa, da na tsakiya, da ƙarami, a ƙafafu biyu. Wuri shida ke nan. Taɓawa ce kawai, ba dannawa ba, ba susa ba, kuma ba a maimaita wurin da bai ji ba. Duk inda ya ji ya ce "na ji". Idan ya rasa biyu ko fiye, jin ƙafarsa ya ragu, a sanar da likita.

A asibiti kuwa kada ka jira a tambaye ka, cire takalmi da safa da kanka kana shiga. Cikakkiyar dubawa ta ƙunshi taɓa tafin ƙafa da siririn zaren roba mai lanƙwashewa a nauyin giram 10, da lalubar bugun jini a wuri biyu, saman ƙafa da bayan idon sawu ta ciki. Idan ba a ji bugun ba, sai a auna ƙarfin jini a idon sawu a raba da na hannu. Sakamakon da ya gaza 0.9 yana nuna hanyar jini ta ƙuntata. Wanda komai nasa lafiya, a yi masa wannan dubawar sau ɗaya a shekara. Wanda jinsa ko jininsa ya ragu, duk wata 6 zuwa 12, idan abu biyun sun haɗu ko ƙafar ta sauya siffa duk wata 3 zuwa 6. Wanda ya taɓa yin gyambo ko aka taɓa yanke masa yatsa, duk wata 1 zuwa 3. Duk wannan ba ya maye gurbin riƙe suga: da safe kafin karyawa ana son suga ya kasance 80 zuwa 130 mg/dL a na'urar gida ga mafi yawan manya. Taba sigari kuma, a ƙafar da jini ya riga ya yi wa ƙaranci, babu wani sassauci sai bari.

Idan an sami rauni

Wanke hannu. Wanke raunin da ruwan gishirin asibiti, in babu a tafasa ruwa lita 1 da gishiri ƙaramin cokali biyu a shafe, a bari ya huce. Rufe da gozi mai tsabta, a ɗaura bandeji sakwa-sakwa. Kada a fasa bororo. Kada a zuba toka, man birki, baƙin mai, garin kafso ko tsimin ganye. Sifirit da aidin mai ƙarfi ma suna kashe sabon naman da ke tsirowa. Sannan a daina taka ƙafar, wanda shi ne matakin da aka fi karyawa: mikin tafin ƙafa ba zai rufe ba muddin ana ɗora masa nauyin jiki. A ga ma'aikacin lafiya cikin awa 24, a tambayi batun allurar tetanus idan ƙusa ce ko ƙaya. Maganar alwala da bandeji kuma, shari'a ta yi sauƙin shafa a kansa, a tambayi malami maimakon a riƙa kwancewa ana jiƙawa.

A tafi a ranar, ko dare ne, idan akwai mugunya, wari, duhu ko zafi da ke bazuwa daga bakin raunin, yatsa ya fara baƙi, zazzaɓi, ko suga ya ƙi sauka ba dalili. Maganar da ake yi cewa irin wannan gyambo jifa ne, ko ba ya son allura, ta cinye ƙafafu da yawa. Makonnin da ake ɓatawa ana jiƙe-jiƙe su ne cutar ke amfani da su ta kai ga ƙashi.

Ƙafa ta kumbura, ta yi zafi: abu uku masu kama da juna

Na farko ƙwayoyin cuta, galibi da wata kafa da suka shiga ta ciki, ko da faso ne. Na biyu gawut, ciwon gaɓa mai raɗaɗin da ba a iya taɓawa. Na uku shi ne wanda aka fi kuskurewa, likitoci suna kiransa ƙafar Sharko: ƙasusuwan tsakiyar ƙafar da ba ta ji suna karyewa a hankali, ƙafar ta kumbura ta yi ɗumi fiye da 'yar'uwarta, amma zafin kaɗan ne ko babu. Sai a ce targaɗe ne, a kai wa mai ɗori ya murza, mutum ya ci gaba da tafiya har tafin ya rushe ya turo ƙasa. Maganinsa simintin ɗauri na watanni da hana taka ƙafar, kuma hoton farko yana iya fitowa lafiya lau. Mai suga da ƙafarsa ɗaya ta kumbura ta yi ɗumi ba rauni, a ɗauka wannan ne har likita ya tabbatar ba shi ba ne.

Gawut

Sinadarin yurik yana cikin jinin kowa, ƙoda ce ke fitar da mafi yawansa. Idan ya haura kimanin 6.8 mg/dL sai ya fara daskarewa a gaɓoɓi, ƙanana masu siffar allura, wannan ne ke kawo gawut. Ya fi son gaɓar gindin babban yatsa saboda wurin ya fi sauran jiki sanyi. Yakan taso da tsakar dare: mutum ya kwanta lafiya, ya farka yatsa ya kumbura yana sheƙi, ko mayafi ba ya so ya taɓa. Zafin yana kai maƙura cikin awa 12 zuwa 24, ya lafa cikin mako ɗaya ko biyu ko ba magani. Wannan lafawar ce ke sa kowane mai magani ya ce nasa ne ya yi aiki. Ya fi kama maza, mata kuma bayan ɗaukewar al'ada.

Abubuwan da ke tayar da shi: kayan ciki irin hanta da ƙoda, yawan jan nama, kifin gwangwani, giya, lemon kwalba mai zaƙi, da ƙarancin ruwa a jiki. Kwanakin Babbar Sallah sun haɗa kusan duka. Wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari, irin Moduretic da Lasix, da ƙaramin asfirin, da firazinamaid na tarin fuka, suna ɗaga yurik. Kada ka daina su da kanka, faɗa wa likita, akwai madadi irin losatan da ke ɗan sauke shi.

Lokacin da ya taso, a ɗaga ƙafar a kan matashi, a sha ruwa, a ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tawul minti 15 zuwa 20, amma ban da wanda jin ƙafarsa ko jininta ya ragu. Ba a murzawa, ba a tsaga, ba a kafa ƙaho. Magani uku likita ke zaɓa daga ciki, kuma zaɓin yana da muhimmanci ga mai suga. Kolcisin ya fi aiki idan an fara da wuri, miligiram 1, bayan awa ɗaya a ƙara 0.5, shi ke nan na ranar. Ƙari a kan haka gudawa ce da guba, kuma ba a haɗa shi da maganin ƙwayoyin cuta kilaritiromaisin. Dangin diklofenak da ibufurofen suna aiki, sai dai haɗari ne ga mai ciwon ƙoda, gyambon ciki ko ciwon zuciya, masu suga da yawa kuwa ƙodarsu ta taɓu ba su sani ba. Firednisolon na kwana biyar yana kwantar da shi, amma yana harba suga sama, dole a riƙa aunawa. Idan akwai zazzaɓi da rawar sanyi, ko karon farko ke nan, a je asibiti, don gaɓar da ƙwayar cuta ta shiga haka take kama.

Gwajin yurik a tsakiyar ciwo yana iya fitowa daidai. A maimaita bayan mako biyu zuwa huɗu, tare da gwajin ƙoda.

Wanda yake tasar masa sau biyu ko fiye a shekara, ko ya fara fitar da ƙulluttai masu farin gari a yatsu da kunne, ko yana da tsakuwar ƙoda, yana buƙatar alofurinol. Ana farawa da miligiram 100 a rana, ƙasa da haka ga mai ciwon ƙoda, a riƙa ƙarawa duk mako biyu zuwa huɗu har yurik ya sauka ƙasa da 6 mg/dL, wato 360 a ma'aunin µmol/L. Kuskure biyu ake yi da shi. Ana shan sa kamar maganin ciwo, a ajiye idan an ji sauƙi, alhali na kullum ne, galibi har ƙarshen rayuwa. Kuma a watannin farko ciwon kan ƙara tasowa saboda tsohon daskararren yurik yana narkewa, sai mutum ya ce maganin bai karɓe shi ba. Don haka ake haɗa shi da ƙaramin kolcisin na wata uku zuwa shida, kuma ba a dakatar da shi idan ciwon ya taso. Abu ɗaya ne ke sa a tsaya nan take: ƙuraje a jiki, zazzaɓi ko miki a baki. Wannan a daina a tafi asibiti a ranar.

Ƙauracewa abinci kaɗai ba ta cika sauke yurik yadda ake so ba, don haka kada a azabtar da kai. Wake, alayyafo da ƙwai ba su da laifi, nono da kindirmo marasa suga ma taimako suke. Ruwa kimanin lita 2 a rana idan likita bai taƙaita ba, da azumi a raba shi tsakanin buɗa-baki da sahur. Rage ƙiba a hankali yana taimakawa, ramewar gaggawa kuwa tayar da ciwon take.

Ciwon diddige da sauran

Idan takun farko da asuba ne ke soka a ƙarƙashin diddige, ya ragu bayan an ɗan zagaya, ya dawo bayan dogon zama, jijiyar da ta shimfiɗu daga diddige zuwa yatsu ce ta gaji. Masu yini a tsaye da masu jiki ta fi kamawa. Kafin ka sauko daga gado, rataya tawul a tudun yatsu ka jawo zuwa gare ka, gwiwa a miƙe, daƙiƙa 30, sau uku. Da rana dafa bango, ƙafa mai ciwon a baya, diddige a ƙasa, ka karkata gaba har sha-raɓa ya ja. A sa takalmi mai taushin diddige, a bar silifas da ya cinye. Yana ɗaukar watanni, mafi yawa suna warkewa cikin shekara. Ɗan tsinin ƙashi da hoto ke nunawa a diddige ba shi ne ke sa ciwon ba a yawancin lokuta, kada a tsorata ka da tiyata.

Raɗaɗi da sagewa a ƙafafu biyu da dare, ko jin kamar ana taka auduga, na jijiya ne. Ban da suga, ƙarancin bitamin B12 yana kawo shi, wanda daɗewa a kan maganin suga metfomin kan jawo, haka ma giya da isoniyazid na tarin fuka. Farasitamol ba ya yi masa komai, magungunansa daban ne kuma sai da takardar likita. Ciwon sha-raɓa da ke zuwa bayan an yi 'yar tafiya, ya tafi idan an tsaya minti kaɗan, ƙarancin jini ne a ƙafar. Idan ya kai yatsu suna zugi da dare sai an sauko da ƙafar daga gado ake samun sauƙi, toshewar ta yi nisa, a nemi likitan hanyoyin jini cikin kwanaki, kuma kada a ɗaure ƙafar da matsattsen bandeji ko a gasa ta. Sha-raɓa ɗaya da ya kumbura farat ɗaya bayan doguwar tafiyar mota, haihuwa ko jinya, yana iya zama gudan jini. Ba a tausa shi, asibiti ake zuwa a ranar.